MASU SAURAREN DAJI

Da asuba, tun rana ba ta fito ba, gari ba ya yin shiru. Zakara ya yi cara. Jaki ya yi kuka a bayan gida. Kurciya tana kira daga kan gawo, zabi suna ta hayaniya a gindin rumbu. In damina ce, kwaɗi sun kwana suna kuka a tabki, gyare kuma bai huta ba.

Manomi da makiyayi da maharbi sun san waɗannan muryoyi sarai. Maharbi yakan tsaya cik a daji, ya kasa kunne, ya gane akwai ruwa kusa, ko kuwa wani abu ya firgita tsuntsayen da ke gabansa. Bai ga kome da ido ba. Kunnensa ne ya gaya masa.

A zamanin yau akwai masu ilimi a jami'o'in duniya waɗanda aikinsu ke nan: sauraren daji. Suna ɗaukar kukan tsuntsaye da na ƙwari da na kwaɗi cikin na'ura, su auna shi, don su san ko ƙasa tana da lafiya ko ba ta da ita. Abin mamaki, waɗansu daga cikin manyansu ba ta ƙofar ilimin dabbobi suka shigo ba. Ta ƙofar kiɗa suka shigo.

Yadda ake ganin sauti da ido

In makaɗi ya taɓa tsarkiyar gurmi, sai ta yi ta karkarwa. Iska ta ɗauki karkarwar nan ta kai ta kunne. Wannan shi ne sauti. In karkarwar tana tafiya a hankali, sai a ji murya mai kauri, kamar ta tambari. In tana sauri ƙwarai, sai a ji siririyar murya, kamar ta sarewa.

Ana iya ƙidaya karkarwar. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20.000 a cikin sakan guda. Abin da ya kasa 20, mutum ba ya jin sa. Abin da ya wuce 20.000 ma haka. Akwai jemagu masu cin ƙwari da suke kuka sama da wannan iyaka. Suna ta ihu bisa kan mutane da dare, amma ba wanda ya sani.

Masana sun ƙera na'ura mai mai da sauti zane. Daga hagu zuwa dama, lokaci ne ke tafiya. Daga ƙasa zuwa bisa kuwa, murya ce: mai kauri tana ƙasa, siririya tana bisa. Kowane kuka yana barin alamarsa a kan takarda, kamar yadda kowace dabba take barin sawunta a kan rairayi. Ana kiran wannan zane hoton sauti. Wanda ya saba da shi yakan dube shi ya ce: ga kwaɗo, ga gyare, ga mota ta wuce.

Makaɗin da ya koma daji

An haifi Bernie Krause a birnin Detroit na ƙasar Amurka a 1938. Tun yana ƙarami yake kiɗa. Da ya girma ya zama makaɗin gita, har ya shiga wata sananniyar ƙungiyar mawaƙa a 1963. Daga baya ya koma jihar Kalifoniya. A can ya koyi aiki da wata sabuwar na'urar kiɗa mai suna Moog. Ba ta da fata, ba ta da tsarkiya, ba a busa ta. Wutar lantarki ce take ba ta murya. Masu iya sarrafa ta kaɗan ne a lokacin, don haka mawaƙa da masu shirya silima suka yi ta neman Krause da abokin aikinsa Paul Beaver.

A 1968 suka so su yi wani faifai wanda za a ji kukan daji cikin kiɗansa. Krause ya ɗauki makirfo da rakoda, ya shiga wani kurmi kusa da birnin San Faransisko. Ya sa abin saurare a kunne, ya kunna na'ura. Nan take ya ji abin da bai taɓa lura da shi ba: gudun ruwa, fukafukan tsuntsu a iska, motsin ganye. Daga ranar nan daji ya shiga ransa. Sannu a hankali ya bar ɗakin kiɗa. Ya koma makaranta yana babba, ya sami digirin dokta a 1981.

A 1983 aka aike shi ƙasar Kenya ya ɗauko kukan namun daji. Wata rana da dare yana kwance cikin tanti, abin saurare yana kunnensa. Sai ya ji kamar ba hayaniya yake ji ba, kamar ƙungiyar makaɗa ce. Da ya koma gida ya duba hoton sautin. Ƙwari suna da layinsu. Kwaɗi suna da nasu. Tsuntsaye da sauran dabbobi kowa yana da wurinsa, wani bisa, wani ƙasa, wani kuma yana jira sai ɗan'uwansa ya yi shiru sa'an nan ya sa baki.

Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ranar salla zai gane wannan da sauri. Ga kakaki, ga algaita, ga ganguna, duka a lokaci guda. Amma ba wanda ya danne wani, domin kowane abin kiɗa yana da muryarsa da lokacin shigarsa. Krause ya ce haka daji mai lafiya yake. Dalili kuwa a fili yake: tsuntsun da ba a jin kiransa ba zai sami mata ba, ba kuma zai iya tsare wurinsa ba. Har yanzu masana suna gwada wannan magana, suna gardama a kanta. A wani daji sukan same ta daidai, a wani kuma ba su ganin ta sosai. Amma ta buɗe musu sabuwar hanya.

Fadamar da ta yi shiru

A cikin duwatsun Siyera Nebada na Kalifoniya akwai wata fadama da ake kira Fadamar Linkon. Manyan itatuwa sun kewaye ta, ɗan rafi yana ratsa ta. A 1988 wani kamfanin katako ya zo ya ce zai sari itatuwa a wurin. Ya gaya wa mutanen yankin kada su damu. Ba za a share dajin duka ba, za a zaɓi itace ɗaya nan, ɗaya can. Ya ce ba abin da zai sami dabbobi.

Kafin a fara sara, Krause ya je wurin a watan Yuni, da asuba. Ya kafa makirfo, ya ɗauki kukan fadamar. Hoton sautin ya cika maƙil. Rafi yana ƙasa, bisa kuwa tsuntsaye iri-iri, ba masaka tsinke.

Aka yi saran. Da shekara ta kewayo, a 1989, ya koma. Wata ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Ya duba da ido: ga itatuwa nan tsaye, ga ciyawa kore shar. Wanda ya ɗauki hoto da kyamara zai rantse ba abin da ya canja. Sai ya kunna na'ura. Rafi yana nan yana gudu. Wani maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai saran itace da baki, yana ta bugu shi kaɗai. Sauran kuwa kusan duk sun tafi. Saman hoton sautin ya zama fili.

Ya shiga cikin dajin kaɗan, ya wuce itatuwan da ke bakin fadama. A nan ya ga wuraren da aka yi sara sosai. Itatuwan gaba sun zama kamar danga, sun ɓoye ɓarnar. Ido ya ruɗu, kunne bai ruɗu ba.

Ya yi ta komawa wurin, har sau 15 cikin shekaru 25. Muryoyin nan ba su dawo kamar da ba.

Cikin rayuwarsa Krause ya tara sauti na fiye da awa 5.000, da muryoyin halittu wajen iri 15.000. Ya ce fiye da rabin wuraren da ya ɗauko su sun lalace ko sun yi shiru. A watan Oktoba na 2017 gobarar daji ta cinye gidansa da kayan aikinsa. Amma sautin bai ƙone ba, domin ya riga ya ajiye kwafinsa a wani wuri dabam.

Matar da ta ji giwa da ƙirjinta

Katy Payne ita ma kiɗa ta karanta a Jami'ar Kornel ta Amurka, tare da ilimin halittu. A 1984 ta je gidan ajiye dabbobi na birnin Potlan, ta yi kwanaki tana zama kusa da giwaye. Jifa-jifa takan ji iska tana bugawa a jikinta, alhali kunnenta bai ji kome ba.

A hanyar komawa gida ta tuna wani abu. Tana yarinya tana cikin ƴan waƙar coci. A cocin akwai wani ƙaton abin kiɗa mai dogayen bututu, kamar an jera kakaki da yawa a tsaye. In an busa mafi girmansu, muryarsa takan yi kauri har kunne ya kusa kasa kama ta, sai dai a ji gini yana rawa, ƙirji yana amsawa. Ta ce a ranta: ko giwaye ma haka suke yi?

Ta koma da abokan aiki biyu da na'ura mai kama sauti mai kauri. Suka ɗauka. Sa'an nan suka juya zaren da sauri ninki goma. Sautin da ke karkarwa sau 15 a sakan ya zama 150, watau ya shigo inda kunne yake ji. Sai ga muryoyi sun fito. Ashe giwaye suna ta magana da juna. Irin wannan kira yana tafiya kilomita da yawa a daji. Da shi garke yake sanin inda wani garke yake.

A 1999 ta kafa wani shiri na sauraren giwaye a Jami'ar Kornel. Ana rataye na'urori a kurmin tsakiyar Afirka, inda duhun itatuwa ba ya bari a ƙidaya giwa da ido. Na'urorin suna kama kiran giwa. Suna kuma kama ƙarar bindigar masu kashe ta don haure.

Aikin sabon dokta

Krause da Payne sun share hanya. Yanzu samari da ƴan mata ne suke bin ta. Jami'o'i sukan ba da sanarwa cewa suna neman mai bincike wanda ya san na'urorin kiɗa, ya kuma san ilimin muhalli, watau ilimin ƙasa da ruwa da itatuwa da dabbobi da yadda suke zama tare.

Hanyar tana da tsawo. Yaro ya gama firamare, ya yi kolej, ya yi lise, ya ci jarrabawar bak. Ya shiga jami'a ya yi lisans, ya yi mastar. Sa'an nan ya yi shekara uku ko fiye yana bin tambaya guda ɗaya, ya rubuta babban littafi a kanta, malamai su yi masa tambayoyi. In ya tsallake, ya zama dokta. Wannan dokta ba likita ba ne, ba ya ba da magani. Doktan ilimi ne.

To, ko bayan wannan da saura. Yaron maƙeri yakan iya ƙira sarai, amma bai kafa maƙerarsa ba tukuna. Sai ya je wurin wani babban maƙeri ya yi aiki, ana biyan sa, yana ƙara gogewa. Haka sabon dokta yake yi. Ana kiran wannan mataki bincike bayan digirin dokta. Yawanci shekara ɗaya ne zuwa uku. In kuɗin aikin ya ƙare, sai ya nemi wani wuri, wani lokaci ma a wata ƙasa. Aiki ne mai daɗi, amma ba shi da tabbas, kuma mai iyali yakan sha wahalar ƙaura.

Ga misali. Dan Stowell ya yi digirinsa na dokta a Jami'ar Kwin Meri ta Landan, a sashen da ke binciken kiɗa da kwamfuta. Ya gama a 2010. Bincikensa a kan muryar mutum ne, irin masu yin kiɗan ganga da baki. Bayan haka ya juya dabarun nan zuwa ga tsuntsaye. Ya koya wa kwamfuta ta saurari kuka ta faɗi mai shi. A 2015 shi da wata abokiyar aiki suka fitar da Warblr, wata manhajar wayar hannu mai gane tsuntsayen Ingila ta kukansu.

Me ya haɗa kiɗa da wannan? Masu binciken kiɗa sun daɗe suna koya wa kwamfuta ta ji waƙa ta faɗi sunanta, ta raba muryar mawaƙi da ta ganga, ta gane inda bugu yake faɗuwa. Daji da asuba ma haka yake: muryoyi da yawa a cakuɗe, ana so a raba su. Dabarar ɗaya ce.

Aikin yana farawa da tafiya. Mai bincike yakan cika jaka da ƙananan na'urori. Akwai wata mai suna AudioMoth, wadda masana na jami'o'in Sawzamton da Oksfod na Ingila suka ƙera. Ba ta cika tafin hannu ba, pil uku take ci. Sai a sa ta cikin abin da zai tsare ta daga ruwa, a ɗaure a jikin itace, a rubuta wurin da ranar. Bayan makonni a dawo a kwance. Wata an same ta lafiya. Wata ruwa ya shige ta, wata tururuwa sun yi gida a ciki, wata kuwa an yi gaba da ita.

Sa'an nan babbar wahala ta zo. A ce an rataye na'ura 50, kowace tana aiki dare da rana har kwana 30. Awa 36.000 ke nan. Mutumin da zai zauna yana saurare awa 8 kullum, ba hutu ba salla, sai ya yi fiye da shekara 12 bai gama ba. Dole kwamfuta ta taimaka.

Amma kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka koya mata. Mai bincike yakan zauna da wanda ya san tsuntsaye. Su saurari guntun sauti, su duba hotonsa, su rubuta: wannan kurciya ce, wannan iska ce, wannan babur ne. Su yi haka sau dubbai. Aiki ne mai gajiyarwa, ba wanda yake yabon mai yin sa, amma in an yi shi da ganganci duk abin da ya biyo baya ya ɓaci. Daga waɗannan misalai kwamfuta take koyo. In ta koya, sai a gwada ta da sautin da ba ta taɓa ji ba, a ƙidaya sau nawa ta yi daidai, sau nawa ta yi kuskure. Kuskure kuwa tana yi. Ruwan sama yakan rufe kome. Akwai kuma tsuntsaye masu kwaikwayon kukan waɗansu.

Akwai wani abin lura. Na'urar da ke jin tsuntsu tana jin mutum. In mata sun wuce za su itace suna hira, ta ɗauka. Saboda haka mai bincike na kirki ba ya rataye kome sai ya gaida masu wurin, ya bayyana musu, sun yarda. Maganar mutane kuma a share ta.

A ƙarshe ya rubuta abin da ya gano, waɗansu masana su duba, sa'an nan a buga. In makaɗi ne, wani lokaci yakan shirya sautin a babban ɗaki, jama'a su zo su zauna cikin duhu su saurari dajin da ba su taɓa zuwa ba. An yi haka da sautin Krause a birnin Paris a 2016.

Inda aka bar Afirka baya

Tsuntsayen duniya sun kai wajen iri 11.000. Wata manhaja mai suna BirdNET, aikin Jami'ar Kornel da wata jami'a ta birnin Kemnis a Jamus, tana gane fiye da iri 6.000. Amma ta fi ƙwarewa a kan tsuntsayen Turai da Amurka ta Arewa, domin su ne aka fi ɗaukar kukansu. Na Afirka an ɗauki kaɗan. Wani likita Bafaranshe, Claude Chappuis, ya yi shekaru da yawa yana tara kukan tsuntsayen arewaci da yammaci da tsakiyar Afirka, aka fitar da su cikin faifai 15 a shekarar 2000. Aiki ne babba, amma bai isa ba.

Ƙasar Nijar tana da tsuntsaye fiye da iri 500. Tun wajen 1985 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suke barin toho ya girma a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. Itatuwa miliyoyi sun dawo, ana ganin su har a hotunan tauraron ɗan adam. Hoto yana nuna itace. Ba ya nuna ko tsuntsu ya dawo ya sauka a kansa. Wannan tambaya sai na'urar saurare, da mutumin da ya san sunan kowane mai kuka. Irin wannan mutum sau da yawa ba a jami'a yake ba. Yana ƙauye, yana bin garke ko yana tsaron gona.

Ma'anar kalmomi

Tsarkiya: igiyar gurmi ko ta molo, wadda ake taɓawa ta yi sauti.
Makirfo: abin da ke kama sauti ya mai da shi lantarki.
Kurmi: daji mai manyan itatuwa da duhu.
Manhaja: tsarin umarni da ke sa kwamfuta ko waya ta yi wani aiki.
Toho: sabon reshe da ke fitowa daga kututture.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta muryar tambari da ta sarewa?
2. Me Krause ya gani da ido a Fadamar Linkon a 1989? Me kuma na'urarsa ta ji?
3. Don me Katy Payne ta juya zaren da sauri ninki goma?
4. Ta wace hanya sabon dokta ya yi kama da yaron maƙeri?
5. Don me ake neman yardar mutanen gari kafin a rataye na'ura?

Lissafi

An rataye na'ura 12. Kowace tana aiki awa 6 a rana har kwana 20. Awa nawa aka tara? In mutum yana saurare awa 8 a rana, kwana nawa zai yi?

Aiki

Gobe da asuba kowa ya zauna tsakar gida, ya rufe ido na minti biyar. Ya rubuta duk abin da ya ji, ya raba shi kashi uku: na dabbobi, na iska da ruwa, na mutane da injuna. Sa'an nan ya je wurin wani tsoho ko wata tsohuwa ta unguwa, ya gaishe su, ya tambaye su wane kuka suke ji a daji suna yara wanda yanzu ba su ji. A rubuta sunan dabbar da Hausa. A aji a nemi sunanta da Faransanci.